Ƙaramar Yarinya Da Tsohuwar Hannu: Su Wa Haihuwa Ta Fi Ci A Zango?

Sanin kowa ne cewa a zango idan aka ce ana neman jini a asibiti, ƙofar samari ake fara ƙwanƙwasawa ko da ƙarfe biyun dare ne, haka kuma idan ta Allah ta kasance mu ne dai ake kira mu ɗauki diga da shebur mu nufi maƙabarta. Wannan shi ne ya ba mu bakin magana a kan abin da wasu daga cikin iyayenmu za su ce ba huruminmu ba ne, wato maganar ciki da haihuwa. Muna neman afuwar manya idan an ga mun yi kutse, amma ai wanda ya haƙa kabari yana da damar ya tambayi abin da ya kawo mai shigarsa.

A cikin damina guda an tashe mu sau biyu a unguwarmu domin ba da jini. Na farko wata yarinya ce 'yar shekara 16 da cikin fari, wadda ta kwana biyu tana naƙuda a gida kafin a ɗauke ta. Allah ya yi da sauran kwananta, amma jaririn bai zo da rai ba. Na biyu kuwa wata baiwar Allah ce mai shekara 42, haihuwarta ta tara, wadda ta sauka a ɗakinta cikin sauƙi har an fara yi wa maigida barka, sai jini ya ɓalle. Kafin mutum na uku a cikinmu ya gama ba da nasa jinin rai ya yi halinsa, ta bar 'ya'ya takwas da jinjiri.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne yadda jama'a suka karɓi al'amuran biyu. A kan yarinyar kowa ya tofa albarkacin bakinsa, aka zargi iyaye, aka zargi miji, aka ce an yi mata wuri. A wurin zaman makokin babbar kuwa ba mu ji wanda ya ce komai ba illa kwana ya ƙare. Ko shakka babu kwana ne ya ƙare, kuma babu mai ja da hukuncin Ubangiji, to amma ilimin likitanci ya nuna cewa waɗannan mata biyu a kan layi ɗaya suke, ɗaya tana farkonsa ɗaya tana ƙarshensa, kuma ƙarshen da ba mu magana a kansa shi ya fi cin rai.

Mai karatu zai iya tuna ƙurar da ta tashi a ƙasar nan a ƙarshen watan Maris na shekarar 2024, lokacin da aka yaɗa hotunan wani bikin gargajiya a Nungua tsakanin wani babban malamin gargajiya mai shekara 63 da wata yarinya. Da farko an ce shekarunta 12, daga baya hukumomi suka ce 15 ne, su kuma masu sarautar wurin suka ce biki ne na al'ada ba auren zama ba. A majalisunmu na shan ataya babu irin sukar da ba mu yi ba. Sai dai kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, domin kuwa binciken da hukumar ƙididdiga ta Gana ta gudanar tare da UNICEF a 2017 zuwa 2018 ya nuna cewa kusan mace 1 cikin 5 daga cikin masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da ita kafin ta cika 18, kuma babu mai iya dafa littafi ya ce babu 'ya'yan zango a cikin wannan lissafi.

Dokar yara ta Gana ta shekarar 1998 ta fito fili ta ce ba a aure kowane iri ne sai an cika shekara 18, kuma ta hana tilasta wa yaro ko yarinya baiko. Amma kada mu yaudari kanmu cewa aure ne kaɗai ƙofar da ciki ke shigowa. Alƙaluman hukumar lafiya ta ƙasa sun nuna cewa daga 2016 zuwa 2020 an samu cikin 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20 har 555,575, daga ciki 13,444 na yara ne masu shekara 10 zuwa 14. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 kuma ya gano cewa kashi 15 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun taɓa ɗaukar ciki, inda yankin Sabana ke kan gaba da kashi 26, yankin Ankara kuma yake ƙasa da kashi 6. Da yawa daga cikin waɗannan ba su da aure, kuma a cikinsu akwai yaran nan masu dakon kaya da ke kwana a bakin shaguna a kasuwanninmu.

To mene ne ke faruwa a jikin yarinya idan ta zo haihuwa? Abu na farko shi ne, fara ganin al'ada ba ya nufin jiki ya gama ginuwa. Ƙashin ƙugu, wanda ta cikinsa kan jariri zai bi, yakan ci gaba da buɗewa har wasu shekaru bayan fara al'ada, musamman ga yarinyar da ta tashi ba ta samun isasshen abinci. Idan kan jariri ya fi ƙarfin hanyar, sai naƙuda ta yi tsawo, kan ya tokare wuri guda yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya huje. Wannan shi ne asalin yoyon fitsari, kuma mafi yawan lokuta jaririn ma ba ya rayuwa. Wani bincike da hukumar lafiya ta ƙasa ta fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa mata kusan 1,300 ne ke iya gamuwa da wannan lalura duk shekara a Gana. Ana yin aikin gyaransa a Tamale da kuma Mankesim, amma mata da yawa suna ɓoye a ɗaka saboda kunya.

Abu na biyu shi ne jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa uwa mai shekara 10 zuwa 19 ta fi mai shekara 20 zuwa 24 fuskantar haɗarin jijjiga da kamuwa da ƙwayoyin cuta a mahaifa bayan haihuwa, haka kuma jaririnta ya fi zama cikin haɗarin zuwa bakwaini ko zuwa da ƙarancin nauyi. Jijjiga daga hawan jinin ciki take farawa, wanda awo kaɗai ke iya gano shi tun da wuri. Abin takaici a nan shi ne, idan yarinya ta fara fizge-fizge tana taune harshe, abin da ke fara zuwa zuciyarmu shi ne iska, sai a kawo hayaƙi da rubutu ana ta fama, alhali kuwa akwai allura a asibiti da aka tanada musamman domin tsayar da ita. Babu wanda ya hana addu'a, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya. Abu na uku kuma shi ne ƙarancin jini, domin jikin yarinyar yana kan girma yana neman abinci, ɗan da ke cikinta ma yana nema, ga kuma zazzaɓin sauro da ya fi kama mai cikin fari.

Duk wannan gaskiya ne, kuma an daɗe ana faɗa a rediyo da wuraren taro. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sakamakon wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet Global Health ta buga a shekarar 2014, wanda ya tattara bayanai daga ƙasashe 144. Binciken ya gano cewa a cikin kowace haihuwa 100,000, mata kimanin 260 ne ke mutuwa a tsakanin masu shekara 15 zuwa 19, yayin da masu shekara 20 zuwa 24 suke 190. Ke nan haɗarin yarinya ya fi, amma ratar ba ta kai yadda ake zato a da ba. Inda lissafin ya yi tashin gwauron zabi shi ne daga shekara 30 zuwa sama, kuma ya fi muni ga waɗanda suka haura 35. Wato ke nan matar da muke kira tsohuwar hannu, wadda muke ganin haihuwa ta zame mata ruwan sha, ita ce ta fi kowa kusa da bakin rami.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mace idan ta haura 35, hawan jini da ciwon suga sun fi samun ta, wani lokaci ma tana ɗauke da su tun kafin cikin ba ta sani ba, kuma a zango duk mun san yadda waɗannan cututtuka biyu suka yi yawa a tsakanin iyayenmu mata. Ciwon suga yakan sa jariri ya yi girman da zai wahalar da fitowa. Har ila yau a waɗannan shekaru ne aka fi samun ƙari a mahaifa, da mabiyiya ta sauko ta tare hanya, da kwanciyar jariri a gicciye, da tagwaye, da ɓari, da mutuwar ɗa a ciki ana dab da haihuwa. Lalurar nan da likitoci ke kira Down, wadda ke taɓa girman yaro da fahimtarsa, ita ma tana tafiya da shekarun uwa: ana ƙiyasta kusan 1 cikin 350 ga mai shekara 35, kusan 1 cikin 100 ga mai shekara 40.

Amma babban makashin shi ne zubar jini. Mahaifa tsoka ce, kuma bayan an haihu dole ne ta tsuke da ƙarfi domin ta toshe jijiyoyin da mabiyiya ta rabu da su. Mahaifar da ta ɗauki ciki biyar, shida, takwas, musamman idan ana kwanika babu hutu a tsakani, takan gaji ta kasa tsukewa, wani lokaci ma ta fashe ana cikin naƙuda. Ma'aikatan lafiya suna ɗaukar zubar rabin lita a matsayin alamar haɗari, wato kwatankwacin ledar piya wata guda ɗaya tak, kuma idan jini ya ɓalle da gaske yana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu. Duk wanda ya san cunkoson motoci a Ankara ko Kumasi da yamma, ya kuma san lungunan Nima ko Aboabo inda mota ba ta shiga, ya san awa biyu ba komai ba ce.

Akwai kuma wani rukuni na uku da zamani ya kawo mana, su ne yayyenmu mata da ba su samu aure da wuri ba, ko dai saboda karatu, ko saboda tsadar kayan lefe da rashin aikin yi da ya hana samari motsi, ko kuma waɗanda aka ɗaura wa aure mijin yana Jamus ko Amurka yana jiran takardu shekara da shekaru. Irin waɗannan sukan zo haihuwar fari suna da shekara 35 ko fiye. Mafi yawansu suna sauka lafiya, kada a tsorata kowa, amma naƙudarsu ta fi yin tsawo, kuma sun fi kaiwa ga tiyata. Wannan ne ya sa a wasu ƙasashe kamar Ingila likitoci kan ba mai shekara 40 shawarar a tayar mata da naƙuda idan ciki ya kai mako 39 zuwa 40, maimakon a yi ta jira.

Idan muka dubi waɗannan rukunai za mu ga abu ɗaya ne ya haɗa su a zango, shi ne shiru. Yarinya mai cikin fari al'ada ta koya mata kunya, ba ta faɗin tana da ciki, ba ta kuka a naƙuda don kada a ce raguwa ce, idan kuma cikin ba na aure ba ne sai ta ɗaure shi da zane har wata bakwai. Ita kuma babbar mace kunyarta daban ce: 'yarta ta fari tana goyo, surukinta yana shigowa gaisuwa, yaya za ta je ta zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'yarta a wurin awo? Sai ta ce ai ta saba, takwas ta haifa a ɗaki babu abin da ya same ta. Wata kuma gasar kishiya ce ta sa ta ɗaukar cikin da jikinta ba zai iya ba. Masana tun a 1994 suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon nan a cikin gidajenmu yake, kuma sau da yawa jiran izinin maigida ne da ya fita kasuwa ko ya yi tafiya.

Tsoron tiyata ma ya taka rawa. Har yanzu akwai gidajen da ake yi wa wadda aka yi wa aiki kallon wadda ta kasa, har a riƙa yi mata habaici a wurin suna. Wannan ya sa wasu matan idan likita ya ce za a yi aiki sai su sulale su koma gida, sai abu ya lalace a dawo da su ranga-ranga. Alhali ga yarinyar da ƙugunta bai buɗe ba, ko babbar da mabiyiya ta tare mata hanya, babu wani jiƙo ko tofi da zai faɗaɗa ƙashi ko ya janye mabiyiya. Aikin da aka shirya shi da rana tsaka, jini yana ajiye, ya fi wanda aka yi shi a guje da asuba sauƙi nesa ba kusa ba.

Ta ɓangaren gwamnati kuwa, ba za a ce ba a yi komai ba. An kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, sannan a watan Yulin 2008 gwamnatin Shugaba Kufuor ta shigo da tsarin kula da masu ciki kyauta a ƙarƙashinta. A 2017 aka fara karatun babbar sakandare kyauta, wanda ya rage wa iyaye hujjar cewa babu kuɗin makaranta, a 2018 kuma hukumar ilimi ta fitar da ƙa'idar da ta ba yarinyar da ta haihu damar komawa aji. Duk da haka binciken lafiyar mata masu haihuwa na 2017 ya nuna mace 310 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Gana, alhali burin da duniya ta sa wa gaba shi ne a sauko ƙasa da 70 kafin 2030. Bugu da ƙari, duk wanda ya taɓa raka mai naƙuda ya san kyautar nan ba ta cika kyauta ba, domin sau da yawa za a rubuto magani a ce a sayo a waje, ga kuɗin hoton ciki, ga neman masu mayar da jini. Akwai kuma ƙorafin da matanmu ke yi na tsawa da wulaƙanci daga wasu ma'aikata, inda ake yi wa yarinya gorin ƙuruciya, a yi wa babba gorin yawan 'ya'ya. Matar da aka kunyata sau ɗaya ba ta komawa, don haka wannan ma yana cikin abin da hukuma za ta duba.

To ina mafita? A ganinmu shekarun mace su ne ya kamata su faɗa mana inda za ta haihu tun kafin ranar ta zo. Duk yarinyar da ba ta kai 18 ba, da duk matar da ta haura 35, da duk wadda ta haihu sau biyar ko fiye, kada a bari ta haihu a ɗaki, kuma a nemi asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini. A fara awo tun cikin bai wuce wata uku ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90, ko aka ga ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko ɗigon jini, ko jariri ya rage motsi, ko naƙuda ta wuce awa 12, to babu sauran shawara sai tafiya. Maigida kuma ya bar izininsa a gida tun kafin ya fita, ya bar kuɗin mota a hannun wadda za ta raka ta.

Ga malamanmu da limamanmu, muna roƙon a shigo da wannan magana cikin huɗuba da wa'azin suna, domin abin da liman ya faɗa sau ɗaya ya fi abin da nas za ta faɗa sau goma shiga kunne. Shayarwa ta shekara biyu da addini ya kwaɗaitar ta yi daidai da hutun wata 24 da likitoci ke so mace ta samu kafin wani cikin, ke nan babu saɓani a nan. Sarakunan zango da magajiyoyi su ma suna da ƙarfin da za su hana a ɗaura auren yarinyar da ba ta kai ba, tun da babu auren da ake ɗaurawa a unguwa ba da saninsu ba. Ga yarinyar da tsautsayi ya riga ya faɗa mata kuwa, korar ta daga gida ba ya goge abin da ya faru, sai dai ya ƙara gawa a kan abin kunya.

Mu samari kuma namu ya fi na kowa, domin cikin nan da ake magana ba daga sama yake faɗowa ba, da hannun wasunmu a ciki. Wanda ya san bai shirya riƙe 'yar mutane ba ya ji tsoron Allah ya bar ta ta yi karatunta. Kowace ƙungiyar samari ta buɗe littafi ta rubuta rukunin jinin 'ya'yanta, mu riƙa zuwa muna ba da jini tun ba a neme mu ba, mu kuma san direbobin tasi biyu ko uku a unguwa da za su amsa waya da dare, ban da lambar gaggawa ta 112. Sannan mu cire kunya mu dubi iyayenmu mata da yayyenmu. Idan ka lura mahaifiyarka ko matar babanka tana da ciki a shekara 40, ba rashin kunya ba ne ka sabunta mata katin inshora, ka sa ƙanwarka ko gwaggonka ta raka ta awo. Gara ta yi maka faɗa yau a kan ka shiga abin da ba ruwanka, da a tashe ka gobe da dare a ce ka zo da shebur.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a wurin haihuwa, ya raya abin da suka bari, amin.